Ire-iren Masana'antu da Dalilan Kafa Su a Inda Suke: Darasi Daga Dutse Uku, Jos

Wannan jawabi ya shafi masana'antu ne, wato ire-irensu da kuma dalilan da kan sa a kafa wata a wani gari, a ƙetare wani. Magana ce da ta shafi kowane ɗan ƙasa, domin da wuya shekara ta wuce ba a ji mutanen wani yanki suna kukan an hana su masana'anta ba, ko kuwa a ji wani bawan Allah ya zuba ɗan abin da ya tara cikin wata sana'a a wurin da bai dace da ita ba, ya wayi gari jarin ya narke. Sanin dalilan nan zai taimaki mai kuka ya san abin da zai nema, ya kuma taimaki mai jari ya san inda zai sa ƙafa.

Don a fahimci zancen sosai, an zaɓi wuri guda a yi misali da shi, wato unguwar Dutse Uku da ke cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, a Jihar Filato. Duk wanda ya hau kan duwatsun wannan unguwa ya dubi garin Jos shimfiɗe, ya kamata ya tambayi kansa: me ya tara wannan ɗimbin jama'a a bisa tudun da ya kai kimanin ƙafa 4,000 sama da teku, nesa da babban kogi, nesa da tashar jiragen ruwa? Amsar ita ce masana'anta. Labarin yadda ta zo, da yadda ta bunƙasa, da yadda ta ja baya, ya ƙunshi kusan dukan abin da ake koyarwa a kan wannan fanni.

Ire-iren masana'antu

Masana tattalin arziki sun kasa masana'antu kashi uku bisa ga irin aikin da suke yi.

Kashi na farko shi ne na masu ɗebo albarkatu daga inda Allah Ya ajiye su. A nan ne haƙar ma'adinai take, da noma, da kiwo, da su, da yankan katako. Haƙar kuza a ƙasar Jos, da haƙar kwal da aka yi a Inugu, da haƙar man fetur wadda ta samo asali daga rijiyar Oloibiri a 1956, duk a wannan kashi suke. Haka nan mai fasa dutse da guduma yana tara tsakuwa a gefen hanya, shi ma ɗan wannan kashi ne, ko da yake ba ya kallon kansa a matsayin mai masana'anta.

Kashi na biyu shi ne na masu sarrafawa, waɗanda kan karɓi ɗanyen kaya su juya shi ya zama wani abu dabam mai daraja. Wasu aikinsu shi ne gyara kayan kawai don wata masana'anta ta ƙarasa, kamar gurzar auduga, da jimar fata, da matsar gyaɗa, da narkar da kuza. Wasu kuma su ne ke fitar da abin da mai saye zai yi amfani da shi kai tsaye, kamar atamfa, da sabulu, da biskit, da siminti. Akwai kuma masu harhaɗa sassan da aka ƙera a wani wuri, kamar masana'antar motocin Peugeot da ta fara aiki a Kaduna a 1975. Gine-gine da shimfiɗa hanyoyi su ma akan lissafa su a nan.

Kashi na uku shi ne na masu hidima. Su ba sa tono kome, ba sa ƙera kome, amma in babu su kashi biyun farko ba za su motsa ba. Su ne masu sufuri, da bankuna, da kanikawa, da 'yan kasuwa, da kamfanonin sadarwa, da masu aikin kwamfuta da intanet waɗanda suka yawaita a wannan zamani.

Ban da wannan rabo, akan kuma duba girma. Akwai sana'ar gida, wadda mutum kan yi da hannunsa tare da iyalinsa ko yaransa, kamar ƙira da saƙa da dukanci da rini irin na marinar Ƙofar Mata a Kano. Akwai ƙananan masana'antu masu injin ɗaya ko biyu da ma'aikata 'yan kaɗan, irin su injin niƙa, da gidan burodi, da wurin buga bulo, da shagon walda, waɗanda ba a rasa su a unguwanni irin Dutse Uku. Sannan akwai manya masu ɗaukar ɗaruruwa ko dubban ma'aikata. A cikin manyan ma akan bambanta masu nauyi, kamar na ƙarafa da siminti da tace mai, da marasa nauyi, kamar na abinci da sutura. Ta fuskar mallaka kuwa, wata ta gwamnati ce, wata ta 'yan kasuwa, wata ta haɗin gwiwa, wata kuma ta ƙungiyar gama kai.

Amfanin wannan rabe-rabe shi ne, kowane iri da abin da ke jan sa. Abin da ya jawo mai haƙar ma'adini ba shi ne zai jawo mai gidan burodi ba.

Dalili na farko: ɗanyen kaya

Masana'antar haƙa ba ta da zaɓi. Inda ma'adini yake, nan za ta je, ko da dutse ne, ko da daji ne. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwen Kano da na Liruwen Dalma suna wanke yashin rafuka su fitar da kuza, su narkar, su yi 'yan siraran sanduna waɗanda fatake ke kaiwa kasuwanni har Kano. Waɗannan sanduna ne suka ja hankalin Kamfanin Neja, ya aiko mutanensa su binciko tushensu a 1902. Ba da jimawa ba wani injiniya mai suna Kanar Laws ya kafa sansani a Naraguta. Daga wajen 1910 labari ya bazu a kasuwar hannun jari ta Landan, kamfanoni barkatai suka yi ta kwararowa.

A nan akwai wata ƙa'ida da ya kamata a riƙe. Duk kayan da ke rage nauyi ƙwarai wajen sarrafawa, to, a bakin inda aka samo shi ake sarrafa shi, don kada a biya kuɗin ɗaukar abin da za a zubar. Mai haƙar kuza yakan kwashe tulin ƙasa da tsakuwa kafin ya sami ɗan abin da zai cika kwano, saboda haka tilas a yi wankin a bakin rami. Amma baƙin yashin da aka tace, fiye da kashi 70 cikin 100 na nauyinsa ƙarfe ne, ga shi kuma da tsada. Wannan ya sa Turawa ba su ga wata hasara ba wajen ɗaukarsa har Ingila a narkar a can, kuma haka aka yi ta yi shekara hamsin. Sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narkarwa ta Makeri a Jos.

Wannan ƙa'ida ita ta zaunar da masana'antun siminti a inda suke. Kafin a sami tan ɗaya na siminti sai an ƙona kimanin tan ɗaya da rabi na dutsen farar ƙasa da sauran mahaɗi. Shi ya sa aka kafa ta Nkalagu a 1957, da ta Ewekoro a 1960, da ta Kalambaina a Sakkwato wadda ta fara aiki a 1967, da ta Ashaka a 1979, da ta Obajana daga baya, kowace a bisa dutsenta. Haka sukari: akan matse kimanin tan goma na rake kafin a sami tan ɗaya, ga shi kuma rake ba ya jure ajiya bayan an sare. Don haka aka kai masana'antar sukari Bacita da Numan, a tsakiyar gonakin raken. Mutanen garin da ba shi da dutsen siminti, in suka nemi a kafa musu irin wannan masana'anta, sun nemi abin da ba zai ɗore ba.

Dalili na biyu: hanyar sufuri

Arzikin da ba shi da hanyar fita kamar babu shi ne. A farkon al'amari 'yan dako ne ke ɗaukar buhunan kuza a ka, su gangara daga tudu su yi tafiyar kwanaki har Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake zubawa a jirgin ruwa. Tsadar wannan dako ta hana a kawo manyan injina, ta kuma cinye ribar kamfanoni da yawa. Sai da aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta iso Jos da Bukuru a 1914, sannan aiki ya kankama. A 1927 kuma babbar hanyar da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Kafanchan ta iso Jos. Ta nan aka riƙa hauro da kwal, a gangara da kuza zuwa bakin teku. Da babbar ta karɓe aikin, ƙaramar ta rasa amfani, aka rufe ta a 1957.

Ba Jos kaɗai ba ce ta ci wannan moriya. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ta buɗe cinikin gyaɗa, har aka kai ga dalar gyaɗa da masana'antun Bompai. Kaduna ma kasancewarta mahaɗar hanyoyin jirgi, ga kogi, ga audugar ƙasar Zazzau da Katsina kusa, shi ya sa aka kafa masaƙa ta farko a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya. Taruwar masana'antu a Legas kuwa ba wani sirri ba ne illa tashar jiragen ruwa da yawan jama'a. Hatta babbar matatar man Dangote da aka ƙaddamar a Lekki a 2023, a bakin teku aka kafa ta domin jiragen ruwa su kawo ɗanyen mai su kuma kwashi tatacce.

Dalili na uku: wutar lantarki da makamashi

Da aka ƙare kwasar ma'adinin da ke sama-sama, sai ya zama dole a yi amfani da manyan injinan haƙa da famfunan tura ruwa. Tudun Jos ba shi da wadataccen itace, kwal kuma daga nesa yake zuwa. Amma Allah Ya hore wa yankin rafuka masu faɗowa daga kan tudu zuwa ƙasa da ƙarfi. Wannan ya sa aka kafa kamfanin NESCO a 1929, ya gina tashar lantarki a magangarar ruwa ta Kurra. Ta haka yankin haƙar kuza ya sami tsayayyiyar wuta kusan shekara arba'in kafin a kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968.

Abin lura a nan shi ne, wutar da aka kawo saboda kuza ta zama abin jan wasu masana'antun da ba ruwansu da kuza. Akasin haka kuma ya faru a wasu wurare. Masaƙun Kaduna da na Kano da dama sun durƙushe a shekarun 1990 da 2000, kuma daga cikin manyan dalilai akwai rashin tsayayyiyar wuta da tsadar man injin, tare da shigowar atamfofin waje masu araha. Audugar tana nan, ma'aikatan suna nan, masu saye suna nan, amma da ƙafa ɗaya ta karye sai tukunyar ta kife. Wannan ne dalilin aikin shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar a 2020.

Dalili na huɗu: ma'aikata

Injin ba ya tuƙa kansa. Filayen haƙar kuza sun ɗauki dubban leburori masu aiki da diga da shebur da kwano, da akawuna, da direbobi, da kanikawa. Ban da mutanen yankin irin su Birom da Anaguta da Afizere, an sami Hausawa da Barebari da Tibi da Ibo da Yarbawa da Urhobo da sauran kabilu da yawa, kowa ya zo neman abinci. Bayansu 'yan kasuwa suka biyo, da mahauta, da maɗinka, da malamai. Ta haka Jos da Bukuru da Barikin Ladi suka cika, unguwanni suka yi ta faɗaɗa har suka hau duwatsu.

Ba daidai ba ne a ba da wannan labari a ɓoye ɗacinsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta kama ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Nijeriya. Daga 1942 zuwa 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa a kan tilas, abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna. Da yawa sun rasu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. A wannan lokaci ne abin da ake fitarwa ya kai ƙololuwa, kimanin tan 17,000 a 1943. Manoman yankin kuma sun rasa gonaki masu yawa, aka bar musu ramuka da tulin ƙasa.

Duk da haka, wani abu mai amfani ya saura, wato ƙwarewa. Garin da ya yi shekara da shekaru yana gyaran injina ya tara masu walda da kanikawa da masu aikin lantarki. Irin wannan gado shi ma yana jan masana'anta, domin mai jari ya fi son wurin da zai sami hannun da ya san aiki.

Dalili na biyar: kasuwa, ruwa da yanayi

Akwai kayan da ke ƙara nauyi ko girma wajen sarrafawa, ko kuwa masu saurin lalacewa. Irin waɗannan kusa da mai saye ake yin su. Lemon kwalba galibinsa ruwa ne, don haka ba hikima ba ce a ɗauko shi daga nesa. Burodi kwana biyu ya bushe. Bulo yana da nauyi, ga saurin karyewa a mota. Shi ya sa ake ganin gidan burodi da wurin buga bulo a kusan kowace unguwa, amma ba a ganin matatar mai sai a wurare ƙalilan.

Kasuwa ce ta kawo kamfanin NASCO garin Jos a 1963. Ya fara ne da saƙa buhunan algarara, domin a lokacin Arewa na bukatar buhuna masu yawa na zuba gyaɗa da sauran amfanin gona, Jos kuma ga jirgin ƙasa, ga wuta, ga ma'aikata. Daga baya kamfanin ya shiga yin biskit da sabulu da abincin masara.

Ruwa da yanayi su ma suna da nasu rabo. Majemun Kano sun taru a Challawa ne saboda jima aiki ne mai cin ruwa. Masana'antar ruwan kwalba ta SWAN tana Kerang, a Ƙaramar Hukumar Mangu, domin a nan maɓuɓɓugar take. Sanyin tudun Jos da ƙarancin ƙudan tsando su suka sa aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, inda ake haɗa alluran rigakafi. Wannan sanyi shi ne kuma ya sa dankalin Turawa da kabeji da karas suke yi, kaji masu ƙwai suke jin daɗin wurin, har masana'antar abincin kaji irin ta Grand Cereals ta sami gindin zama kusa da Bukuru.

Dalili na shida: jari da manufar gwamnati

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Haƙar kuza ta zamani da jarin Landan aka yi ta, kuma can ribar ta riƙa komawa. Don a gyara wannan ne gwamnati ta kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya a 1972, mai hedkwata a Jos, ta kuma fitar da dokokin mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa a 1972 da 1977.

Wani lokaci gwamnati kan kafa masana'anta a wani wuri don a raba arziki tsakanin sassan ƙasa, ko da lissafin ciniki bai nuna wurin ba. Niyya ce mai kyau, amma tana da haɗari. A farkon shekarun 1980 an kafa masana'antun mulmula ƙarafa guda uku a Jos da Katsina da Oshogbo, don su riƙa fitar da rodin gini. Dukansu an tsara su ne su dogara da curin ƙarfen da za a riƙa kawowa daga masana'antar Aladja kusa da Warri, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Da Aladja ta fara tangal-tangal, sai duk ukun suka rasa abin sarrafawa, aiki ya yi ta tsayawa, daga baya aka sayar da su ga 'yan kasuwa. Darasin shi ne, doka tana iya kafa gini, amma ɗanyen kaya da hanya da wuta su ne ke riƙe shi.

Ranar da kasuwar kuza ta faɗi

A shekarun 1950 yankin Jos ya sake samun wata garaɓasa, sa'ad da Amurka ta riƙa sayen kwalambait da tsada don haɗa ƙarfen injinan jiragen sama, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Amma ma'adini ba shuka ba ne, in an kwashe ba ya tsirowa. Sannu a hankali na sama ya ƙare, wanda ya rage kuma yana can ƙarƙashin dutse mai tsadar fasawa. Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya ɗauke hankalin gwamnati da na ma'aikata. A watan Oktoba na 1985 ƙungiyar da ke daidaita farashin kuza ta duniya ta rushe, farashi ya faɗi warwas. Manyan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, masana'antar Makeri ta rasa abin narkarwa.

Abin da ya rage na haƙar yana hannun ƙananan mahaƙa ne, masu tona ramukan da ake kira loto. Bukatar ƙarfen kuza ba ta gushe ba, domin da shi ake like wayoyin cikin rediyo da kwamfuta da wayar hannu. Sai dai ramukan nan sukan rufta su ci rayuka, kududdufan da kamfanoni suka bari kuma sun sha cin mutane da dabbobi, ko da yake manoma na amfani da ruwan wasu don lambun rani. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasisi ga ƙananan mahaƙa, ta ƙarfafa su su haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai, ta kuma wajabta gyara wurin da aka haƙa. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara, ya isa gargaɗi ga duk mai kai aikin ma'adini cikin gida.

Me ya hana Jos zama kufai, kamar yadda wasu garuruwan haƙa suka zama a wasu ƙasashe? Abin da ya cece ta shi ne abubuwan da aka gina a gefen kuza: hanyoyi, da wuta, da makarantu, da kasuwanni, da jama'a masu sana'a, da zamanta babban birnin jiha tun 1967.

Dalili na bakwai: zaman lafiya

Akwai dalili guda wanda littattafan makaranta ba su cika ambata ba, alhali shi ne uwa ga sauran. An daɗe ana kiran Filato gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, kuma wannan suna jari ne babba. Rikice-rikicen watan Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da Janairu na 2010, wanda ya faro daga unguwar Dutse Uku, sun ci rayuka da dukiyar Musulmi da Kirista baki ɗaya. A watan Fabrairu na 2002 kuma gobara ta cinye babbar kasuwar Jos da ke Taminus, wadda fatake ke zuwa daga jihohi da yawa.

Hasarar ba ta tsaya ga abin da wuta ta ci ba. Sa'ad da gari ya rabu, mai walda ya rasa rabin masu kawo masa aiki, mai sayar da tumatir ya rasa rabin masu saye, leburan da ke wannan unguwa yana tsoron zuwa aiki a waccan. Mai jarin da ke nesa kuwa, da ya ji labari sai ya kai kuɗinsa wani gari, ba kuma zai aiko ya faɗi dalili ba. Masu iya magana sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ƙoƙarin da dattawa da matasa da shugabannin addini na sassan biyu suka yi na sasantawa a unguwannin Jos, aikin raya masana'antu ne, ko da ba a kira shi da wannan suna ba.

Abin da ya rage ga jama'a

In aka duba dalilan nan bakwai za a ga sun rabu gida biyu. Ma'adini da ruwa da yanayi kyauta ce daga Allah, ba wanda zai iya ɗauke su daga wani gari ya kai wani. Hanya da wuta da ƙwarewa da jari da zaman lafiya kuwa aikin mutane ne. Na farkon su ke kiran masana'anta, na biyun su ke sa ta zauna.

Saboda haka, duk mai niyyar kafa sana'a, babba ko ƙarama, ya zauna ya amsa wa kansa waɗannan tambayoyi kafin ya sayi injin. Daga ina kayan aiki za su zo, kuma ana samunsu duk shekara? Nawa ne kuɗin motar kawo su da na fitar da abin da aka yi? In wuta ta ɗauke, da me za a yi aiki, kuma ribar za ta iya biyan wannan? Akwai ruwa? Akwai wanda ya iya gyaran injin a kusa? Su wane ne masu saye, kuma mutum nawa ne suka riga suka kafa irin wannan sana'a a wurin? Hayaƙi ko ƙara ko ƙazamin ruwa zai cuci maƙwabta? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ofisoshin ma'aikatar ciniki da masana'antu na jihohi, da Bankin Masana'antu, da hukumar raya ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN, wurare ne da ya kamata a nemi shawara.

Al'ummar da ke son masana'anta kuma ta fara da duba abin da take da shi. Mai dankali da tumatir ya nemi wurin ajiya mai sanyi da injin sarrafawa. Mai fata ya nemi majema. Mai dutse ya nemi injin fasa tsakuwa da hanyar da babbar mota za ta shiga. Sannan kowa ya kiyaye wayar lantarki da bututun ruwa da ke unguwarsu, ya sa 'ya'yansa makarantar koyon sana'a, ya kuma riƙe maƙwabcinsa da amana ko da addininsu ko yarensu ya bambanta.

Allah Ya ba ƙasar nan lafiya da zama lafiya, Ya sa albarka a cikin sana'ar kowa.